Ina so in yi aikin jarida don amfanin duniya, amma malamina ya ce ni 'yar fafutuka ce

Assalamu alaikum Anti. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, na riga na miƙa kundin bincikena, jarrabawar ƙarshe kawai ta rage. Kimiyyar muhalli na karanta, amma tun da na shiga mujallar ɗalibai na ji babu aikin da ya kwanta min a rai kamar aikin jarida. Rahotannin da nake karantawa a kan sauyin yanayi da yunwa da 'yan gudun hijira su suka ƙara zaburar da ni. Burina in zama 'yar jaridar da rubutunta zai taimaki irin waɗannan mutane ko'ina suke a duniya. Damuwata biyu ce. Wani malami da ya duba rubuce-rubucena ya ce ni 'yar fafutuka ce, ba 'yar jarida ba, wai tun kafin in yi tambaya na riga na yanke hukunci. Maganar ta yi min ciwo ƙwarai. Sannan wata ƙungiyar agaji ta yi min tayin aiki a sashen yaɗa labaranta da albashi mai tsoka, wata ƙaramar kafar labarai kuma ta ce in zo in koyi aiki, amma abin da za su riƙa ba ni bai taka kara ya karya ba. Mahaifina ya ce ai duk rubutu ne, kuma duk taimakon mutane ne, in karɓi na ƙungiyar in huta. Na rasa inda zan sa kaina. Don Allah ki ba ni shawara.

Ɗaliba mai neman mafita

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa ki gama lafiya, ya ba ki sa'ar jarrabawar da ta rage.

Bari in fara da maganar malaminki, domin amsar tambayarki ta biyu a cikinta take. Idan yana nufin laifi ne ɗan jarida ya damu da masu fama da yunwa, bai faɗi daidai ba. Babu mai kwashe watanni yana bin diddigin labarin da bai taɓa zuciyarsa ba. Amma zancen yanke hukunci kafin tambaya, wannan ki riƙe shi hannu bibbiyu, ko da ya faɗa miki shi da gatsali. Damuwarki ita za ta zaɓa miki fagen da za ki yi aiki. Da zarar kin shiga fagen, ba ta da ikon gaya miki abin da za ki tarar a can.

A watan Janairun 2010 girgizar ƙasa ta rugurguza Haiti, duniya ta yi ca da agaji. A watan Oktoban shekarar kwalara ta ɓarke, cutar da ƙasar ta daɗe rabonta da ita. Mutanen yankin suka fara nuna yatsa ga wani sansanin dakarun wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda aka kawo daga Nepal, a kusa da wani rafi da ke kwarara cikin kogin Artibonite. Wakilin kamfanin dillancin labarai na AP, Jonathan Katz, ya je wurin da ƙafarsa, ya ga yadda ƙazantar bayan gida ke malala daga sansanin, ya rubuta. Majalisar ta yi shekaru tana musantawa. Sai a 2016 ta amsa cewa tana da hannu, a watan Disamban shekarar kuma Sakatare-Janar na Majalisar a lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi afuwar mutanen Haiti. Mutum kusan 10,000 cutar ta kashe. Yanzu ki sa kanki a wurinsa. Kin je ƙasar da zuciyar taimako, kin kuma san waɗannan dakaru da hukumomi taimako suka zo yi. Idan kin riga kin raba mutanen labarinki gida biyu, masu ceto da waɗanda ake ceta, ba za ki ma taka zuwa bakin rafin ba.

Haka aka yi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A watan Satumban 2020 kafar The New Humanitarian da Gidauniyar Thomson Reuters suka wallafa binciken da mata fiye da 50 suka ba da shaidar cewa ma'aikatan yaƙi da Ebola, har da na Hukumar Lafiya ta Duniya, sun yi lalata da su a bakin samun aiki. Hukumar ta kafa kwamiti mai zaman kansa, bayan shekara guda ya gano mutum 83 da ake zargi, 21 daga cikinsu ma'aikatanta ne. Yaƙi da Ebola aikin alheri ne, babu mai ja. Na tabbata akwai waɗanda suka ce wa 'yan jaridar nan su rufa asiri kada masu ba da tallafi su janye, domin irin wannan magana ba ta ƙarewa a harkar agaji. Da sun saurara, da matan nan har yau suna haɗiye baƙin cikinsu.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, inda tausayin ɗan jarida ke zama ƙofar da maƙaryaci zai shigo. A watan Oktoban 1990, bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait, wata yarinya 'yar shekara 15 da aka gabatar da sunan Nayirah ta tsaya gaban wasu 'yan majalisar Amurka tana kuka, ta ce da idonta ta ga sojojin Iraƙi suna fitar da jarirai daga kwalaben renon bakwaini suna barin su a ƙasa su mutu. Jaridu suka ɗauka, Shugaba Bush babba ya yi ta maimaitawa, har ƙungiyar Amnesty ta sa labarin a rahotonta kafin daga baya ta janye. A 1992 aka gano yarinyar 'yar jakadan Kuwait ce a Amurka, kuma kamfanin hulɗa da jama'a na Hill & Knowlton ne ya shirya fitowar tata. Mamayar gaskiya ce, zaluncin da aka yi wa mutanen Kuwait ma gaskiya ne, shi ya sa ƙaryar ta samu wurin zama. Labarin da ya yi daidai da abin da zuciyarki ta riga ta yarda da shi, shi ya fi buƙatar ki juya shi sama da ƙasa kafin ki sa sunanki a kai.

To yanzu mu zo kan maganar Baba. Ya yi gaskiya cewa duk rubutu ne, kuma aikin yaɗa labaran ƙungiyar agaji halal ne, mai amfani ne. Ƙungiyoyin nan da labarai suke tara kuɗin da suke sayen magani da abinci, kuma mutanen kirki da yawa suna wannan aiki. Sai dai wanda ke biyan ki shi ke da labarin. Aikinki a can shi ne ki nuna rijiyar da aka haƙa tana ba da ruwa. Ranar da kika gano rijiyoyi goma sun ƙafe bayan wata shida, shugabanki za ki kai wa maganar, ba masu karatu ba, kuma ba ki yi laifi ba, yarjejeniyar aikin ke nan. Ita kanta The New Humanitarian da na ambata, Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta kafa ta a 1995 da sunan IRIN, bayan kisan kiyashin Ruwanda. A 2015 ta fita daga ƙarƙashin Majalisar ta tsaya da ƙafarta. Ki tambayi kanki ko za ta iya fitar da labarin Kwango da a ce har lokacin tana cikin gidan.

Shawarata a fili: idan gida ba su dogara da albashinki ba a yanzu, ki je ƙaramar kafar labaran. Dalilina shi ne ɗabi'ar da mutum ya fara ɗauka a aiki ita ke zame masa jiki. Wanda ya yi shekara biyu edita na dawo masa da rubutu yana tambayar "wa ya faɗa miki?", "kin kira wanda ake zargi?", "ina takardar?", zai iya komawa ƙungiyar agaji duk ranar da ya so, kuma da gudu za su karɓe shi. Wanda ya fara da rubuta sanarwar manema labarai yana shan wuya kafin ya koyi zargin abin da aka miƙo masa. Amma kafin ki amsa musu, ki yi musu naki binciken. Ki karanta labaransu na 'yan watannin nan, ki ga ko suna fita neman labari ko kwafar sanarwa kawai suke yi. Ki tambaya wane ne zai riƙa duba rubutunki, layi bayan layi. Ki gano ko wakilansu suna karɓar ambulan ɗin kuɗi daga hannun waɗanda suke ba da labarinsu. Idan babu edita mai gyara, ko kuma ambulan ce albashin, babu abin da za ki koya a can sai abin da za ki yi shekaru kina ƙoƙarin mantawa, gara ki nemi wata kafar.

Idan kuwa akwai ƙannen da karatunsu ke jiran albashinki, ki karɓi aikin ƙungiyar ba tare da jin kunya ba. Ki dai kiyaye abu ɗaya: muddin kina cin albashinsu, kada ki rubuta wa wata jarida labarin da ya shafe su ko abokan aikinsu, kuma duk editan da za ki aika wa rubutu ki gaya masa inda kike aiki tun farko.

Sai maganar "duniya". Kin lissafa sauyin yanayi da yunwa da 'yan gudun hijira, kowanne a cikinsu ya ishi mutum aikin rayuwa. Babu editan da zai sayi labari mai taken sauyin yanayi matsala ne, kowa ya ji wannan. Abin da ake nema shi ne tambaya ƙarama wadda take da amsa, kuma ba a amsa ta ba tukuna. A taron sauyin yanayi na Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara ga ƙasashe masu tasowa kafin 2020, domin tunkarar sauyin yanayi. Ƙungiyar OECD, wadda akasarin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta ce sai a 2022 aka cika adadin, kuma mafi yawan abin da gwamnatoci suka bayar rance ne da za a biya. A 2023 'yan jaridar Reuters suka zauna suka bi bayanan da ƙasashen suka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya ɗaya bayan ɗaya. A cikin abin da aka lissafa a matsayin kuɗin yaƙi da sauyin yanayi suka tarar da tashar lantarki mai ƙona kwal a Bangaladash da Japan ta ba da rancen gina ta, da shagunan cakulan a Asiya da Italiya ta tallafa, da faɗaɗa wani otel a gaɓar tekun Haiti da rancen Amurka. Babu wanda ya yi wa'azi a rahoton. Takardun da ke buɗe ga kowa suka karanta, suka kira kowace gwamnati suka ji ta bakinta. A nan digirinki yake da daraja, kada ki ɗauke shi naƙasu. Ɗakunan labarai cike suke da masu iya jera kalmomi, waɗanda za su iya karanta rahoton masana kimiyya su gane inda alƙaluman suka yi rauni kuwa ƙalilan ne. Ki ƙara da koyon sarrafa alƙaluma a Excel, da tantance hoto da bidiyo ki san a ina aka ɗauka kuma yaushe, da karanta hotunan tauraron ɗan'adam. Eliot Higgins, wanda ya kafa kafar binciken labarai ta intanet mai suna Bellingcat a 2014, daga ɗakinsa ya fara nazarin bidiyon yaƙin Siriya.

Kuma ba sai kin hau jirgi ba. Matasa da yawa suna ɗauka aikin jaridar duniya shi ne mutum ya sauka a ƙasar da bai san harshenta ba, ya yi kwana biyar, ya dawo da labari. Wannan salon yana ja da baya, kuɗinsa ya yi yawa, kurakuransa ma haka. Dubi takardun Panama na 2016. Wata majiya ta miƙa wa jaridar Süddeutsche Zeitung ta Jamus takardu miliyan 11.5 daga kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca da ke Panama, waɗanda suka nuna yadda manya ke ɓoye dukiya a ƙasashen waje. Jaridar ta san ba za ta iya ita kaɗai ba, ta kai wa ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ICIJ, aka raba aikin ga 'yan jarida kusan 400 a ƙasashe fiye da 70. Me ya sa? Domin sunan da ba ya nufin komai ga ɗan jaridar Jamus, wakilin da ke zaune a ƙasar mai sunan ya san surukin minista ne. Cikin 'yan kwanaki da fitowar rahoton firaministan Iceland ya sauka, a 2017 kuma kotun ƙolin Pakistan ta tsige firaminista Nawaz Sharif. Abin da kowane ɗayansu ya kawo teburin shi ne sanin wurinsa. Duk wata babbar matsalar duniya tana da reshe a inda kike zaune, kuma harshen da kike ji da mutanen da suka yarda da ke su ne jarin da baƙo ba zai zo da shi ba.

Tunda kin ce mutane kike son taimaka wa, ga abin da nake so ki sa a ranki game da waɗanda za su ba ki labarinsu. A 2015 mata huɗu 'yan jaridar AP suka gano masunta, akasarinsu 'yan Myanmar, da ake bautar da su a Benjina, wani tsibiri a Indonesiya, wasu har a cikin keji. Suka bi jirgin da ya kwashi kifin ta tauraron ɗan'adam har Tailan, suka bi motocin da suka ɗauka, har suka danganta shi da manyan kantunan Amurka. Labarin yana hannunsu, kowane ɗan jarida zai so ya sake shi a daren. Suka dakata, sai da aka fitar da mutanen da suka nuna fuskokinsu daga tsibirin tukuna. Daga baya an 'yantar da fiye da mutum 2,000, aikin kuma ya samu lambar yabon aikin jarida ta Pulitzer a 2016. Wanda ya yi miki magana shi zai kwana a wurin bayan kin tafi. Ki gaya masa a ina labarin zai fito da wanda zai iya gani, ki bar shi ya zaɓa ko a sa sunansa, kada ki yi masa alƙawarin taimakon da ba ki da ikon cikawa. Uwar da ɗanta ke kwance da tamowa tana da suna, tana da sana'a, tana kuma da ra'ayi a kan abin da ya jawo halin da take ciki. Ki tambaye ta, kada ki tsaya a hawayenta.

Haɗari kuma yana nan. Wa Lone da Kyaw Soe Oo na Reuters sun binciki kisan Musulmin Rohingya goma a ƙauyen Inn Din na Myanmar, aka kama su a Disamban 2017, aka yanke musu shekara bakwai, sai a Mayun 2019 aka sake su bayan kwana fiye da 500. Kwamitin Kare 'Yan Jarida na CPJ ya ƙirga aƙalla 'yan jarida da ma'aikatan kafafen labarai 124 da aka kashe a 2024, kusan kashi biyu cikin uku Falasɗinawa ne. Mafi yawan waɗanda ake kashewa ko ɗaurewa 'yan ƙasa ne da ke aiki a gida, ba baƙi ba. Kada zumuɗi ya kai ki fagen yaƙi ke kaɗai, ba horo, ba inshora, ba kafar da ta san kin tafi, don kawai ki yi suna. Gidauniyar Rory Peck tana taimaka wa 'yan jarida masu zaman kansu da kuɗin horon kare kai, ki san da ita tun kafin buƙata ta taso.

Ta fuskar kuɗi, wannan fage da tallafi yake tafiya, gara ki sani tun yanzu. Cibiyar Pulitzer tana ba da kuɗin gudanar da bincike, Earth Journalism Network tana tallafa wa masu rubutu a kan muhalli, ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta duniya GIJN tana da darussa kyauta a intanet, shafin 'yan jarida na IJNet kuma yana jera guraben horo da tallafi. Duk za su ce ki nuna aikin da kika taɓa yi, don haka labarai uku ko huɗu masu ƙwari sun fi miki takardar shaida goma. Tallafin ma yana da nasa sarƙaƙiya. Sashen raya ƙasashe na jaridar Guardian, alal misali, Gidauniyar Gates ce ke tallafa masa tun 2010, kuma suna rubuta hakan a fili, wanda shi ne daidai. Kullum ki san wa ke biya, ki kuma lura ko akwai tambayar da kike jin nauyin yi saboda shi. Tallafi yana iya yankewa dare ɗaya. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗaɗen USAID, kafafen labarai masu zaman kansu a ƙasashe da dama suka shiga halin ni-'yasu, a watan Maris kuma aka tura ma'aikatan Muryar Amurka hutun dole. Kada ki rataya rayuwarki a ƙusa ɗaya. Fassara, tace rubutu, haɗa sauti ko bidiyo, duk sana'o'i ne da ke riƙe ɗan jarida a lokacin fari.

Game da Baba, kada ki je masa da zancen ceto duniya, tsoronsa a kan abincinki ne da mutuncinki, kuma yana da hujja. Ki je masa da tsari. Ki gaya masa wa za ki yi aiki a ƙarƙashinsa, me za ki koya, da me za ki riƙe kanki, sannan ki yanka wa'adi, a ce shekara biyu, wanda idan ya cika ba ki ga hanya ba za ki nemi irin aikin da yake so. Ki nemi albarkarsa a kan wannan, iyaye sun fi sakin jiki da abin da yake da iyaka. Ita ma ƙungiyar ki ba ta amsa cikin ladabi da godiya, wataƙila gobe majiyarki ce, wataƙila kuma wurin aikinki.

Kafin ki bar makaranta, ki ɗauki rubutun da malamin nan ya kushe ki koma wurinsa da jan biro. Ki roƙe shi ya ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da kika faɗi abu ba tare da kin nuna inda kika samo shi ba. Waɗanda za ki iya samo wa shaida ki samo, sauran ki goge. Daga nan ki nemi lambar mutumin ko hukumar da kika ɗora wa laifi a rubutun, ki kira, ki karanta musu zargin, ki rubuta amsarsu yadda suka faɗa ko da ta rushe miki rabin labarin. Abin da ya rage bayan wannan shi za ki kai wa editan ƙaramar kafar a ranar farko.